Katifar Cikin Takalmi Da Ciwon Baya: Inda Take Amfani Da Inda Ba Ta Yi

 

A makon jiya na shiga kasuwar Gudu da ke Abuja sayen kayan lantarki. Na tsaya a shagon wani dattijo da na daɗe ina ciniki wurinsa, sai na tarar da shi zaune, ya cire takalmi yana murza diddige. Bayan mun gaisa na ce, “Alhaji, lafiya dai?” Ya ce, “Malam, ina fa lafiya! Ƙafa ciwo, baya ciwo.” Ya zaro wata shimfiɗar roba daga cikin takalminsa ya miƙo mini. Wai wani yaro ne ya zagayo da ita kasuwa, ya rantse masa cewa kwana bakwai kawai za ta yi ta raba shi da ciwon bayan da ya shekara biyu yana fama da shi. Kuɗin da ya biya sun isa cefanen gidansa na kwanaki. “Yau wata guda ke nan,” in ji shi. “Diddigen dai ya yi sauƙi, ba zan yi ƙarya ba. Amma bayan yana nan yadda yake.”

Maganar Alhaji ita ce ainihin darasinmu na yau. Wannan shimfiɗa, wadda wasu ke ce wa insol, mu kuma za mu kira ta katifar takalmi, ta cika kasuwanni da shagunan magani da shafukan Facebook da WhatsApp. Masu tallarta na cewa tana maganin ciwon ƙafa da gwiwa da kwankwaso da baya gaba ɗaya. A cikin wannan talla akwai gaskiya, akwai kuma ƙari. Mu bi su dalla-dalla, don kada mutum ya yi asarar kuɗinsa, kada kuma ya zauna yana jiran katifa ta warkar da ciwon da yake buƙatar asibiti.

Yadda Allah Ya gina ƙafa

Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi fiye da 100 da suke ɗaure da su. Ƙafafu biyu ke nan suna ɗauke da ƙasusuwa 52, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi.

Idan ka dubi tafin ƙafarka ta gefen ciki, za ka ga wani kwarmi da ba ya taɓa ƙasa. Wannan kwarmi lanƙwashe yake kamar baka. A ƙarƙashinsa akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige ta tafi har gindin yatsu, tamkar tsirkiyar baka. Duk sanda ka taka ƙasa, bakan yakan ɗan buɗe, jijiyar ta miƙe ta shanye girgizar takun. Da ka ɗaga diddige, sai ta sake ɗaurewa ta tura ka gaba. A tafiya ta yau da kullum, nauyin da ke sauka kan ƙafa a kowane taku ya ɗan ɗara nauyin jikin mutum. A guje kuwa yakan ninka sau biyu zuwa uku.

To, ka lissafa abin da ƙafar mai shago ke sha, wanda yake tsaye kan siminti daga ƙarfe takwas na safe zuwa magariba. Ka tuna da mai turin baro da ɗan dako a kasuwar Gudu, da makanike a garejin Apo, da mai gadi, da malamar jinya mai aikin dare, da uwargida da take tsaye a kicin da wurin wanki. Yawancinsu kuma silifa ce a ƙafarsu, wadda ta suɗe har ta zama kamar takarda.

Ina haɗin ƙafa da baya?

Jiki kamar gini yake, ƙafa ce harsashinsa. Idan kwarmin ƙafa ya faɗa sosai, idon sawu kan karkata ciki, ƙashin ƙwauri ya ɗan juya, gwiwa ta bi shi, daga nan karkatar ta kai ga kwankwaso. Haka nan wanda diddigensa ke ciwo yakan sauya yadda yake tafiya ba tare da ya sani ba: ya riƙa ɗingishi, ya jingina nauyinsa a ɓangare guda, tsokokin ƙugu su yi ta aikin da ba nasu ba har su gaji. Wannan shi ne tunanin da aka gina tallar katifar takalmi a kansa, kuma ba shirme ba ne.

Sai dai ciwon baya ba ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050. Hukumar ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ba a iya nuna wata cuta guda a ce ita ce sanadi. Yawan zama, ɗaukar kaya ba bisa ƙa'ida ba, ƙiba, shan taba, rashin motsa jiki, rashin barci, damuwa da shekaru duk suna da hannu. Mai shagon da yake sunkuyawa ya ciccibi janareta ko dam ɗin waya sau goma a yini, ba daga ƙafarsa ciwon bayansa ya faro ba.

Abin da bincike ya nuna

A kan ciwon ƙafa, hujja tana bayan katifa. Ciwon diddige da ake samu daga rauni ko gajiyar waccan jijiya ta tafin ƙafa yana kama kusan mutum ɗaya cikin goma a tsawon rayuwa. Alamarsa ba ta ɓuya: takun farko da asuba, idan ka sauko daga gado za ka yi alwala, sai ka ji kamar ka taka ƙusa, in ka ɗan yi tafiya ya lafa, da yamma ya dawo. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2006, wanda ya ƙunshi mutum 135 masu wannan ciwo, ya gano cewa katifa mai tallafar kwarmin ƙafa tana ɗan taimakawa cikin watanni ukun farko. Ya kuma gano abin da ya kamata kowane mai ƙaramin ƙarfi ya riƙe: katifar kanti mai kyau da wadda aka auna ƙafar mutum aka ƙera masa da tsada, aikinsu kusan ɗaya ne.

A kan ciwon baya kuwa, labarin ya sha bamban. A 2007 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci na duniya, ta duba gwaje-gwajen da aka yi, ta ce akwai hujja mai ƙarfi cewa katifar takalmi ba ta hana kamuwa da ciwon baya. Game da warkar da wanda ya riga ya kamu, ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. An samu ƙananan gwaje-gwaje daga baya da suka nuna ɗan sauƙi na makonni ga wasu mutane, amma duk da haka hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta umarce su a 2016 da kada su riƙa ba masu ciwon baya katifar takalmi a matsayin magani. Haka ta ce game da bel ɗin ɗaure ƙugu. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a watan Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta yi gargaɗi kan dogaro da bel ɗin ƙugu da kuma ƙwayoyi masu sa maye dangin tiramadol. Abin da ta fi ba da ƙarfi a kai shi ne wayar da kan majinyaci da motsa jiki mai tsari.

Ke nan abin da ya faru da Alhaji bai saɓa wa ilimi ba ko kaɗan. Katifa ta yi aikin da take iyawa a diddige. Aikin da aka ɗora mata a baya, da ma ba nata ba ne.

Su wa take amfana?

Na farko, mai ciwon diddige irin wanda muka bayyana. Na biyu, mai shafaffen tafin ƙafa wanda yake yi masa ciwo ko saurin gajiya. A lura da kalmar ciwo. Mutane da yawa tafin ƙafarsu a shafe yake tun haihuwa, suna noma, suna ƙwallo, ba abin da ke damunsu. Waɗannan ba su buƙatar komai. Na uku, mai kwarmi mai zurfi sosai, wanda nauyinsa duk yake sauka a diddige da gindin yatsu, har kanta ta fito masa. Shi katifa mai laushi ce ta dace da shi. Na huɗu, mai doguwar tsayuwa a kan siminti ko tayil, wanda ƙafafunsa da ƙugunsa ke nauyi da yamma. Wannan yakan ji daɗin katifa mai taushi, ko da yake jin daɗi daban, warkewa daban.

Na biyar, wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko don karayar da ta haɗe ba daidai ba, ko shan inna, ko tiyatar ƙugu. Idan bambancin ya kai kamar santimita 2, kwankwaso kan karkace, baya ya ɗauki wahalar. A nan ƙarin tudu a takalmin gajeriyar ƙafar yana iya sauƙaƙa ciwon baya da gaske. Amma wannan aikin awo ne a asibiti, ba a yinsa da ƙiyasi a bakin titi.

Iyaye mata masu juna biyu ma sukan yi kukan ƙafa. Nauyi ya ƙaru, jijiyoyin jiki sun yi laushi saboda shirin haihuwa, kwarmin ƙafa ya ɗan sauka, takalmin da ake sawa da ya matse. Takalmi mai faɗi maras tsini da katifa mai laushi suna taimakawa. Amma kumburin da ya zo farat ɗaya, ya haɗa da fuska da hannaye, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, wannan ba maganar takalmi ba ce. A garzaya wurin awo a ranar, domin yana iya zama hawan jinin masu ciki.

Yara kuwa, a kwantar da hankali. Kusan kowane jariri da shafaffen tafin ƙafa ake haihuwarsa, kwarmin yakan fito a hankali kafin yaro ya kai shekara goma. Idan yaro ya yi ɗage a kan yatsunsa kwarmin ya bayyana, ba ya kuma kukan ciwo, to babu buƙatar saya masa komai, kuma katifa ba ta ƙera wa yaro kwarmi. Wanda za a kai asibiti shi ne mai ciwo, ko mai ƙafar da ta sandare, ko wanda ƙafa ɗaya ce kawai ta shafe.

Gargaɗi na musamman ga masu ciwon suga

Ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini. Mai wannan lalura zai iya yini da tsakuwa a takalmi bai ji ba. Idan ya sa katifa mai tauri da ba ta dace da ƙafarsa ba, tana iya goge masa fata ta zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa, a ƙarshe a kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Allah Ya kiyaye. Saboda haka mai ciwon suga kada ya sayi katifa hannun ɗan talla. Ya nemi shawarar likitansa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, ko ya sa wani a gida ya duba masa. Ya zura hannu cikin takalmi kafin ya sa, kada kuma ya yi tafiya ba takalmi, musamman a kan simintin harabar masallaci da rana ta gasa.

Idan za ka saya

Fara da duba takalmin kansa. Katifa mai tsada a cikin takalmin da ya karkace, kamar sabuwar shimfiɗa ce a kan karyayyen gado. Kifa tsohon takalminka ka dubi ƙasansa. Ɗan cinyewa a gefen waje na diddige ba komai ba ne, haka yawancin mutane suke. Idan gefen ciki ne ya cinye sosai, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa nesa ba kusa ba, ka nuna wa masani.

Za ka iya gwada ƙafarka a gida. Jiƙa tafin ƙafa ka taka busasshen siminti ko kwali. Idan sawun ya fito cif babu rami a gefen ciki, tafin ƙafarka a shafe yake. Idan diddige da gaban ƙafa ne suka fito, da ɗan siririn layi a tsakaninsu, kwarminka mai zurfi ne. Wannan gwaji haske kawai yake bayarwa, ba ya maye gurbin dubawar likita.

Katifa tana buƙatar takalmi rufaffe, sau ciki ko kambas, mai ƙarfi a bayan diddige. Ba ta zama a silifa. Wanda aikinsa ko zafin gari ba zai bar shi ya sa rufaffen takalmi ba, ya nemi sandal mai maɗauri a baya, mai ɗan tudu a wurin kwarmi da ƙasa mai kauri. Ka je sayayya da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi. Ka cire shimfiɗar da ta zo da takalmin kafin ka sa sabuwa, in ba haka ba zai matse ka. Ka sa a ƙafafu biyu, ba ɗaya ba, sai fa in likita ne ya tsara.

Kada ka yini da ita tun ranar farko. Fara da awa ɗaya ko biyu, ka riƙa ƙarawa kullum har mako biyu. Ɗan baƙunta a farko ba laifi, amma idan ta jawo bororo, ko sabon ciwo a gwiwa ko ƙugu, cire ta. Jiki magayi. Ka riƙa fitar da ita tana shan iska saboda gumi da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, kuma idan ta lotse, yawanci bayan wata shida zuwa shekara ga mai yawan tsayuwa, aikinta ya ƙare. Katifar da aka ce tana da maganaɗisu ko wasu duwatsu masu zuƙe cuta, bar wa mai ita kayansa.

Ga mai ciwon diddige, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Kafin ka sauko daga gado, kama yatsun ƙafarka ka ja su sama har ka ji jijiyar tafin ƙafa ta miƙe, ka riƙe na daƙiƙa goma, ka maimaita sau goma. Da rana ka dafa bango, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, diddige a ƙasa, ka miƙar da tsokar sha-raɓa na rabin minti. Da dare ka murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin ƙafa na minti goma. Ciwon yana da naci, yakan ɗauki watanni, amma mafi yawan mutane suna warkewa ba tare da allura ko tiyata ba.

To, bayan fa?

Mafi yawan sabon ciwon baya yakan lafa cikin makonni shida. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara shi ne, ba ta rage shi. A ci gaba da harkoki daidai ƙarfi, a riƙa tafiyar ƙafa ta minti talatin a yawancin ranakun mako. Mai zaman shago ko ofis ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, mai tsayuwa kuma ya samu ɗan benci ya riƙa ɗora ƙafa ɗaya yana sauyawa. In za a ɗauki kaya, a durƙusa da gwiwa, a manna kayan a jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kira na biyu, ba ragwanci ba ne. A rage teɓa, a bar taba.

A yi hattara da ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a ce maganin gajiya ne. Shansu kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga.

Akwai alamomin da in an gan su ba a kwana a gida: kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da wajen zama, raunin ƙafa da ke ƙaruwa har tana ja a ƙasa, ciwon baya bayan faɗuwa ko hatsarin mota. Haka nan ciwon baya mai tare da zazzaɓi, zufar dare da rama, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna da shi a ƙasar nan. Wanda ya taɓa yin cutar daji, ko mai sikila da ciwon ƙugu ya sa shi ɗingishi, shi ma kada ya yi jinkiri.

Mazauna Abuja suna da Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda ake samun likitocin ƙashi da likitocin gashi da motsa gaɓɓai, waɗanda aka fi sani da fisiyo. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959, yana da sashen da ke ƙera ƙafar roba da takalma da kayan tallafar gaɓɓai bisa awo. Fara zuwa asibitin da ya fi kusa da kai, in da buƙata su tura ka gaba.

Kafin in bar shagon Alhaji na tambaye shi ko ciwon na sauka ƙafa, ko yana tashinsa daga barci. Ya ce wani lokaci yakan ji shi yana bin bayan cinya har ƙwauri. Na ce, “Alhaji, katifar nan ka ci gaba da sa ta tunda diddige ya gode mata. Amma bayan nan shekara biyu ya isa haƙuri, ka je a duba shi. Janareta kuma ka bar wa yara su ɗauka.” Ya yi dariya ya ce, “Wato dai an sayar mini da rabin gaskiya a kuɗin cikakkiya.” Ya yi alƙawarin zuwa asibiti ranar Litinin, ni kuma na yi alƙawarin komawa in ji yadda suka yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, inda za mu tattauna kan ciwon gwiwa ga dattawa da yadda za su sauƙaƙa wa kansu zama da tashi.